Haƙƙin Mai Lissafi: Yaushe Gumin Akanta Yake Bushewa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Mai gaggawar hisabi, wanda ba Ya zaluntar bawa ko da gwargwadon ƙwayar zarra. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwa ya ga yadda ake sallamar ɗan dako. Yana sauke buhu ana miƙa masa ladansa, domin kuwa gumin da ke tsattsafo masa a goshi shi ne shaidarsa, kuma da wuya a sami attajirin da zai dubi wannan gumi ya ce masa ya je ya dawo gobe. Haka abin yake ga magini da wanzami da mai ga-ruwa. To, amma akwai wani ma'aikaci wanda aikinsa ba ya ƙara, ba ya ta da ƙura, ba ya kuma barin kanta a tafin hannu. Shi ne akanta, mai tsare lissafin dukiyar jama'a. Saboda ba a ganin guminsa, sai mutane da yawa suka ɗauka ladansa ba shi da ranar biya. Abin da wannan fili zai duba a makon nan shi ne lokacin da haƙƙin akanta yake wajaba, da ladabin da ya kamata a bi wajen biyansa, da kuma dalilin da ya sa jinkirta masa lada ya fi jinkirta wa wani haɗari.

A ƙaddara wani attajiri ne mai kamfanin sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Kamfaninsa yana rufe lissafin shekara ran 31 ga Disamba, doka kuwa ta ba kamfanoni wata shida su miƙa lissafinsu ga hukumar haraji, watau wa'adinsa ƙarshen watan Yuni ke nan. Alhaji bai tuna da wannan ba sai da Yuni ya raba, sa'an nan ya aika wa akanta da kwali biyu cike da rasit da takardun banki, wasu sun yage, wasu ba kwanan wata. A makonni biyun da suka biyo baya yana kiran akanta safe da yamma, yana tambayar lafiyarsa da ta iyalinsa. Akanta ya hana idonsa barci, ya tsefe takardun nan ɗaya bayan ɗaya, aka miƙa lissafi a kan kari, Alhaji ya tsira daga tara. Daga ranar nan sai waya ta daina shiga. Bayan wata guda akanta ya tako har shago, ya gaisa, ya ce, "Ranka ya daɗe, na zo ne a kan 'yar maganar nan tamu." Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Haba Malam, ai mun zama ɗaya. Kasuwar ce sai a hankali, ka bari kaya su iso." Akanta ya sunkuyar da kai ya yi godiya ya tafi, alhali kuwa duk duniya babu wanda ya fi shi sanin abin da ke cikin asusun Alhaji, tun da shi ya haɗa jimlarsa da hannunsa.

Matsayin mai rubuta lissafi

Kada a ɗauka wannan sana'a baƙuwa ce ga Musulunci don sunanta ya zo daga Turawa. Ayar da ta fi kowace aya tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, watau aya ta 282 ta Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ta umarci masu imani su rubuta duk bashin da aka yanka wa ajali, ƙarami ne ko babba, ta umarci marubuci ya rubuta da adalci kada kuma ya ƙi rubutawa, sa'an nan kusa da ƙarshenta ta hana cuta game da marubuci da mai shaida. Malaman tafsiri sun bayyana cewa lafazin wannan hani yana ɗaukar ma'ana biyu: kada marubuci ya cutar, kuma kada a cutar da marubuci. A kan waɗannan ma'anoni biyu maganar akanta take tsaye gaba ɗayanta.

Haka kuma a cikin Suratu Yusufa, sa'ad da Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasar Masar, da siffa biyu ya siffanta kansa, tsarewa da sani. A zamanin halifancin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi aka kafa diwani, inda aka rubuta sunayen mutane da abin da kowa zai karɓa daga baitulmali. A ƙasar Hausa ma ma'aji da magatakarda tsofaffin muƙamai ne. Abin da zamani ya kawo shi ne tsari da takardar shaida. Marigayi Akintola Williams, wanda ya rasu a 2023 yana da shekara 104, shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya sami shaidar ƙwarewa a wannan fanni a 1949, ya kuma buɗe ofishinsa a Legas a 1952. An kafa ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ICAN da dokar majalisa a 1965, ta ANAN kuma ta biyo baya a 1979. Yau akanta iri biyu ne: akwai na cikin gida mai karɓar albashi a ƙarshen wata, akwai kuma na waje wanda ake yin jinga da shi a kan aiki ayyananne, kamar haɗa lissafin shekara ko bincikensa. Maganar ta shafe su duka, amma ta fi ƙarfi a kan na wajen, domin shi ne ba shi da ranar albashi da za ta yi masa magana.

Tun ran gini, tun ran zane

A wurin malaman fiƙihu, abin da ke tsakanin mai dukiya da akanta ijara ce, watau sayen amfanin aikin mutum da lada sananne. Shehu Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana cewa halaccin ijara yana tare da yanka ajali da ambaton lada. Asalin wannan yana nan a cikin Suratul Ƙasasi, inda dattijon Madyana ya ɗauki Annabi Musa aiki. Ya faɗa masa wa'adi a fili, shekara takwas, idan ya cika goma kyautatawa ce daga gare shi. Annabi Musa kuma ya maimaita sharaɗin da bakinsa, don kada a tuhume shi a kan ko wanne ya cika daga cikin wa'adin biyu. Ga surukuta tana shirin ƙulluwa tsakaninsu, amma ba ta hana su fayyace magana ba.

A nan ne jama'a suka fi yin tuntuɓe, kuma sau da yawa kunya ce take jawo shi. Mai dukiya ya ce, "Kai dai ka yi aikin, ba za mu ɓata ba." Akanta kuma, saboda kara, ko don Alhaji sa'an mahaifinsa ne, sai ya kasa buɗe baki ya faɗi kuɗin aikinsa. Ranar da aka gama, kowa yana da adadi dabam a zuciyarsa, sai zumunci ya koma gaba. Kunya dai reshe ce ta imani, amma kunyar da take haifar da jayayya ba ita shari'a ta yaba ba. Idan har an yi sakaci ba a ambaci lada ba, aiki kuma ya gudana, to hukunci shi ne a biya ladan da aka saba biyan irinsa a kan irin wannan aiki. Mai dukiya ba shi da ikon ya yanka abin da ransa ya so shi kaɗai ya ce ya sallama.

Game da lokacin biya, malaman Malikiyya sun jera abin daki-daki. Idan akwai sharaɗi, a bi sharaɗi. Idan babu, a bi al'adar wurin da ta sana'ar. Idan babu sharaɗi babu al'ada, mai sana'ar da aka yi jinga da shi a kan aiki guda yana cancantar ladansa da zarar ya kammala. Saboda haka akantan da ya nemi a ba shi wani kaso kafin ya fara bai yi rashin kunya ba, bai kuma nuna rashin yarda ba. Hausawa sun san wannan tun kafin zuwan boko, har suka raɗa masa suna kafin alƙalami, watau abin da ake gabatarwa ga malami kafin ya tsoma alƙalami a tawada. Abin mamaki ne a ce sunan ya samo asali daga masu rubutu, amma yau mai rubutun lissafi ne ake jin nauyin ba shi.

Uzurorin masu jinkiri

Ibn Majah ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya yi umarni a ba ma'aikaci ladansa tun guminsa bai bushe ba. Ambaton gumi a nan kinaya ce ta gaggawa, ba a nufin sai wanda jikinsa ya jiƙe. Gumin akanta yana bushewa ne a sa'ar da ya miƙa aikin da aka yi alkawari a kansa, ko a ranar da aka yanka tun farko. Imamu Buhari kuma ya ruwaito hadisi ƙudusi daga Abu Huraira, inda Allah Maɗaukaki Ya ambaci mutum uku da Shi da kansa zai zama abokin husumarsu ranar alƙiyama. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki daga gare shi, sa'an nan ya hana shi lada. Mai hankali ya tsaya ya dubi waɗanda aka jera shi tare da su: mai yin alkawari da sunan Allah ya warware, da mai sayar da ɗa ya ci kuɗinsa.

Duk da haka masu jinkiri ba sa rasa abin faɗa. Wani ya ce, me ya yi in ban da danna kwamfuta na 'yan kwanaki? Wannan ya manta cewa abin da ya saya ba kwanakin nan ba ne kaɗai, har da shekarun da mutumin ya yi yana koyo, da jarrabawar da ya ci, da sunansa da ya sa a ƙasan takarda, wanda idan lissafin ya zamo na ƙarya shi za a fara tuhuma. Wani ya ce, ai ɗan boko ne, ba ya jin yunwa. To, shari'a ba ta rataya biyan haƙƙi a kan yunwar mai shi ba, balle ma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akanta yana da hayar ofis, yana da ƙananan ma'aikata da suke jiran albashi daga wannan kuɗi, kuma idan an riƙe nasa an riƙe nasu. Wani kuma ya ce, ban hana shi ba, jinkiri kawai na yi. Amsar wannan tana cikin hadisin da Imamu Malik da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya kira jan kafar mawadaci wajen biyan abin da ke kansa da sunan zalunci. Jinkirin kansa shi ne laifin, ko da daga baya an biya.

Zamanin nan ya ƙara fito da hikimar wannan hukunci. A watan Disamba na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa tashin farashin kaya a Nijeriya ya haura kashi 34 cikin ɗari a shekara. A irin wannan shekara, wanda ya riƙe wa akanta Naira 300,000 har wata goma sha biyu, ranar da ya biya, kuɗin ba za su sayi abin da ya wuce na Naira 224,000 na ranar alkawari ba. Watau kusan rubu'in haƙƙin mutumin ya narke, alhali shi mai riƙon yana ta juya kuɗin a kasuwa yana cin ribarsu. Kuma akanta Musulmi ba shi da damar ya ce a ƙara masa wani abu saboda jinkiri, domin ƙari a kan bashi don tsawon lokaci riba ce haramtacciya. Ashe mai jinkirin yana cin moriyar tsoron Allah na wanda yake zalunta ke nan. Ya san ba za a ɗora masa ruwa ba, sai ya miƙe ƙafa.

Ladan da aka riƙe linzami ne

Da cutar ta tsaya a kan akanta shi kaɗai, da sai a ce zalunci ne irin na kowane ma'aikaci. Amma akanta marubuci ne kuma mai shaida. Banki yana dogara da sa hannunsa kafin ya ba da kuɗi, abokan tarayya suna dogara da shi wajen raba riba, hukuma tana dogara da shi wajen yanka haraji, magada suna dogara da shi ranar rabon gado, har zakkar dukiyar kasuwanci ma da lissafinsa ake fitar da ita. Mutumin da ke bin attajiri kuɗin aikin bara da na bana, idan ya ga ɓaraka a cikin littafi, zuciyarsa za ta raya masa cewa in ya faɗa, Alhaji zai yi fushi, kuɗinsa kuma sun tafi. Ta haka ladan da aka riƙe yake zama linzami a bakin mai shaida. Wasu masu dukiya ma da gangan suke yi, su ce sai sun ga yadda rahoton ya fito kafin su biya ciko. Wannan ita ce cutar da marubuci da ayar Baƙara ta hana, kuma ita ce take kai marubuci ga cutar da wasu.

Masu sana'ar da kansu sun gane haka. Ƙa'idojin ɗa'a na akantoci na duniya sun ɗauki kuɗin aikin da ya daɗe ba a biya ba a matsayin barazana ga 'yancin mai binciken lissafi, har suka ce yana iya zama tamkar rance ne ya ba wanda yake bincika. Sun kuma hana a rataya ladan bincike a kan sakamakonsa. Wannan ya dace da fiƙihu, domin wanda ya ce wa akanta ladansa shi ne wani kaso na abin da ya rage masa daga haraji, ya mai da ladan abin da ba a san adadinsa ba, ya kuma buɗe masa ƙofar ƙarya, tun da gwargwadon abin da ya ɓoye gwargwadon abin da zai samu.

Kamar yadda ƙwauro yake ɓata alƙalami, haka yawan kyauta yake ɓata shi. A Amurka, kamfanin makamashi na Enron ya durƙushe a watan Disamba na 2001 bayan an gano lissafinsa cike yake da rufa-rufa, dubban ma'aikata suka rasa aiki da abin da suka tara don tsufa. Kamfanin Arthur Andersen da ke binciken lissafinsa, wanda yana cikin manya biyar na duniya a lokacin, ya karɓi dala miliyan 52 daga gare shi a shekarar 2000 kaɗai, fiye da rabi kuwa na wasu ayyuka ne dabam da bincike. A 2002 shi ma ya rushe. Hausawa sun riga sun faɗa, in baki ya ci, ido ya ji kunya.

Musulunci ya toshe wannan kafa tun da wuri. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah ya aika karɓar zakka. Da ya dawo aka zauna lissafi, sai ya ware wani kaso ya ce wannan kyauta aka yi masa. Manzon Allah ya hau mumbari ya yi inkarin haka, yana nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da ya ga ko kyautar za ta iske shi. Saboda haka ya kamata a bambance abu biyu. Ƙarin da mai dukiya ya yi don kansa bayan an gama aiki an miƙa rahoto, ba da sharaɗi ba, ba kuma da wata manufa ba, kyautatawa ce, kuma Manzon Allah ya taɓa biyan rancen raƙumi da wanda ya fi shi, ya kuma yabi masu kyautata biya. Ko wannan ma, idan akanta mai bincike ne da wasu suke dogara da shaidarsa, barinsa ya fi tsarki. Amma goron da ake turawa gida ana tsakiyar bincike, ko kujerar Makka da ake yi wa akanta alkawari kafin ya sa hannu, toshiyar baki ce ko da wane suna aka kira ta. Abin takaici, akan sami attajirin da yake jan kafa wajen biyan ladan halal, amma hannunsa a sake yake wajen irin wannan kyauta, domin lada haƙƙi ne da ba ya sa a ji nauyinsa, kyauta kuwa tana sayen kunya.

Abin da ke kan akanta

Adalci bai yarda a ɗora nauyin duka a kan mai dukiya ba. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Akantan da ya karɓi kafin alƙalami sa'an nan ya jefa takardun mutane a lungu har wa'adi ya wuce aka ci su tara, ya ci amana, kuma mai dukiya yana da haƙƙin ya nemi gyara kafin ya biya ciko. Sai dai wanda yake da ƙorafi a kan aiki ya faɗe shi a lokacin da aka miƙa masa, ya nuna inda kuskuren yake, ya biya abin da babu jayayya a kansa. Ƙorafin da ba ya tasowa sai ranar da aka zo karɓar kuɗi abin tuhuma ne.

Haka kuma ba kowane mai jinkiri ne azzalumi ba. Akwai wanda gobara ta cinye wa shago, akwai wanda kayansa suka maƙale, akwai wanda su ma wasu suka riƙe masa nasa. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, ta kuma nuna cewa yafewa ta fi alheri. A nan akanta yana da abin da sauran masu bin bashi ba su da shi, domin ya ga littafi, ya san mai gaskiya ya san mai ƙarya. Ilmin da ya sa ba a iya ruɗinsa shi ne kuma ya ɗauke masa uzuri idan ya matsa wa wanda ya tabbata babu gare shi. Buhari ya ruwaito addu'ar rahama da Manzon Allah ya yi wa mutum mai sauƙin hali a wajen saye da sayarwa da neman haƙƙinsa.

To, idan mai dukiya mawadaci ne ya ƙi biya fa? Akanta yana da damar ya yi magana, ya maimaita, ya tsayar da sabon aiki, ya kai ƙara ga shugabannin kasuwa ko gaban alƙali. An ruwaito cewa wani mutum ya tsananta wa Manzon Allah magana wajen neman bashinsa, sahabbai suka yunƙura, sai ya hana su, ya nuna musu cewa mai haƙƙi yana da bakin magana. Amma akwai abu biyu da bai kamata ya kusanta ba. Na farko, ya sa hannu a cikin dukiyar da aka ba shi tsaro ya biya kansa a ɓoye. Ko da yake malamai sun yi saɓani a kan wanda ya sami damar ɗaukar haƙƙinsa daga dukiyar wanda ya zalunce shi, hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya yi umarni da mayar da amana ga mai ita, ya kuma hana a ha'inci wanda ya yi ha'inci. Ma'ajin da ya saba biyan kansa da kansa, ba da daɗewa ba zai kasa gane iyakar nasa da na mutane. Na biyu, ya tona asirin dukiyar mutum don ramuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shi ya sa aka buɗe masa komai, kuma wannan amana ba ta faɗuwa don an ƙi biyansa.

Ladabin biya

Daga abin da ya gabata ladabin ya fito fili. A yanka lada da ranar biya tun kafin a fara, a rubuta, kowa ya riƙe nasa. A kai wa akanta takardu cikakku da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda ya kawo aikin wata uku ya ce a gama a mako biyu ya san ya ƙara nauyi, ya kamata ya ƙara lada. Idan aiki ya kammala, mai dukiya ya aika da kuɗi tun ba a tambaye shi ba, domin tilasta wa mutum mai mutunci ya yi ta sintiri a ƙofar shago yana neman abin da yake nasa wulaƙanci ne da ba ya cikin jinga. Yau da ake tura kuɗi ta waya cikin ƙiftawar ido, uzurin nisa da na rashin lokaci sun ƙare. Idan wata larura ta gitta, ya riga akanta magana, ya faɗi gaskiya, ya sa sabuwar rana, ya kuma cika ta. Kada ya miƙa ladan a gaban jama'a kamar mai ba da sadaka, kada ya bi shi da gori, kada kuma ya sake buɗe ciniki bayan an gama aiki yana neman ragi. Shi kuma akanta ya ba da rasit, ya yi godiya, ya mayar da takardun mutane cikakku.

Wanda yake son ya ga iyakar da tsoron Allah yake kai mutum a wannan babi, ya tuna da hadisin mutum uku da dutse ya rufe wa bakin kogo, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito. Ɗayansu ya yi tawassuli ne da ladan wani ma'aikacinsa da ya tafi bai karɓa ba. Ya juya masa shi har ya zama garke, ranar da mutumin ya dawo ya miƙa masa duka bai rage komai ba. Wancan ya juya haƙƙin ma'aikaci don ma'aikacin, Allah Ya buɗe masa kogo. Na yau yana juya haƙƙin ma'aikaci don kansa, sa'an nan yana mamakin abin da ya toshe masa kasuwa.

Larabawa suna kiran akanta muhasib, kalmar kuwa tushenta ɗaya da hisabi. Akwai ranar da za a buɗe littafin da bai bar ƙarami ko babba ba, ranar da babu Naira babu dala. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah ya bayyana wa sahabbansa matsiyaci na haƙiƙa, shi ne wanda zai zo da salla da azumi da zakka, amma ya ci dukiyar wannan ya zagi wancan, sai a yi ta ɗibar ladansa ana biyan masu haƙƙi, idan ya ƙare a ɗebo zunubansu a ɗora masa. Attajirin da ya ɗauki akanta don kada lissafinsa na duniya ya sami giɓi, bai kamata ya bar sunan wannan akanta a cikin masu binsa a lissafin lahira ba.

Allah Ya ba masu dukiya ikon sauke haƙƙi a kan lokacinsa, Ya ba masu alƙalami ikon tsare gaskiya, Ya sauƙaƙa wa Musulmi hisabi ranar gamuwa da Shi.